Madanganci tsakanin Sofiya da Tirana: yadda aikin kundina ke tafiya

7 ga Oktoba, 2024

An koma karatu tun ranar 1 ga wata kamar yadda aka saba a Polan, amma sai yau muka fara zaman ajin kundi. Wannan ce shekarata ta uku kuma ta ƙarshe a fannin harsunan Silaf a Jami'ar Warso. Digirin farko a nan shekara uku ne, suna ce masa *licencjat*, kuma ba a miƙa maka shi sai ka rubuta kundi ka zauna gaban malamai ka kare abin da ka rubuta. Zan riƙa ajiye labarin aikin a nan, don na gaji da maimaita amsa ɗaya ga duk wanda ya bugo daga Zariya ya ce, "Wai Rashancin ya zauna kuwa?"

Ba Rashanci nake karantawa ba. Shi ɗaya ne kawai daga cikin dangin, a reshen gabas, tare da harsunan Yukiren da Belarus. Reshen yamma shi ne Polanci da harsunan Cek da Sulobakiya, na kudu kuma Bulgeriyanci, Masidoniyanci, Sabiyanci, Kuroshiyanci da Sulobeniyanci. Sashenmu yamma da kudu yake koyarwa, kowane ɗalibi ya ɗauki harshe ɗaya ya riƙe shi a matsayin babba. Nawa Bulgeriyanci. Dalilin ba wani mai zurfi ba ne. Bayan na sha fama da Polanci, inda suna ɗaya ke sauya ƙeya har iri bakwai gwargwadon aikin da yake yi a jimla, sai na ji labarin akwai ɗan uwansa da ya yar da wannan kayan tun tuni. Abin da ba a faɗa mini ba shi ne duk nauyin da aka sauke wa suna, kan aikatau aka jibga shi. Har siga ta musamman gare su ta labarin da ba ka gani da idonka ba: abin da mu za mu sa wa "wai" a gaba mu wuce, su sai sun sauya aikatau ɗin gaba ɗaya.

Batun da nake son rubutu a kai tun ajin farko yake mini yawo. Ranar da aka rubuta *kniga* a allo, wato littafi, aka manna masa *-ta* a ƙeya ya koma *knigata*, sai 'yan ajin suka yi tsuru-tsuru, domin Polanci ba shi da abu makamancin wannan. Ni kuwa darasin Hausa na sakandare na gani a gabana: littafi, littafin, riga, rigar. Madanganci ke nan, ɗafa-ƙeyar da ke nuna wa mai sauraro cewa abin nan da muka sani ake nufi.

21 ga Oktoba

Na kai wa mai duba aikina tsarin da na zana. A nan malami ba ya ce wa ɗalibi "kai", *Pan* ake cewa, ni kuma in ce mata *Pani Doktor*, ko a saƙon imel ba a tsallake wannan. Ta karanta jerin harsunan da na lissafo, Bulgeriyanci, Masidoniyanci, Albaniyanci, Romaniyanci, Lituweniyanci, har da na Suwidin, ta cire tabarau ta ce, "*Pan* digirin digirgir yake son yi a shafi arba'in?"

An yi sara da sassaƙa. Abin da ya rage: Bulgeriyanci da Albaniyanci su ne ginshiƙi, Hausa madubin dubawa, Lituweniyanci kuma babi ɗaya gajere. Ta ce in fara da jimla biyu mafi sauƙi in jera su, kafin in taɓa kowace ka'ida. Ga su:

Hausa: Na ga wani kare. Karen baƙi ne.
Bulgeriyanci: *Vidyah edno kuche. Kucheto beshe cherno.*
Albaniyanci: *Pashë një qen. Qeni ishte i zi.*
Polanci: *Widziałem psa. Pies był czarny.*

Ukun farko sun jeru ras: kare, karen, *kuche, kucheto*, *qen, qeni*. Har "wani" ɗinmu ya sami abokai, *edno* da *një*, ko da yake su nasu daga lambar "ɗaya" suka samo. Polanci shi kaɗai ya tsaya hannu rabbana, *psa* da *pies* ɗin ba ruwansu da sani ko rashin sani, aikin jimla ne ya sauya su. Tambayar kundin dai ita ce: tunda sun yi kama a jiki, shin aikinsu ɗaya ne?

12 ga Nuwamba

Ajin Lituweniyanci na ɗauka a sashen harsunan Baltik a matsayin darasin zaɓi, kuma shi ne ya fi cin lokacina a zangon nan. Harsunan Baltik masu rai da ke da ƙasa biyu ne rak, na Lituweniya da na Latbiya. Na ukunsu, tsohon harshen Furushiya, ya mutu wajen farkon ƙarni na 18, ya bar 'yan takardu kaɗan. Littafin farko da aka buga da Lituweniyanci sai a 1547 ya fito, littafin koyar da addinin Kirista na Martynas Mažvydas, a birnin Königsberg. Ka ga a takarda yaro ne. Amma a baki tsoho ne tukuf, shi ya sa masu nazarin asalin harsunan Indiya da Turai ba sa rabuwa da shi: ɗa *sūnus*, wuta *ugnis*, tunkiya *avis*, kusan yadda suke a Sanskirit, tsohon harshen Indiya, da Latin shekaru dubbai da suka wuce.

Abin da ya kai ni wurinsa shi ne sifa. Sunan Lituweniyanci ba ya ɗaukar madanganci ko kaɗan, *šuo* kare ne, karen ne. Amma sifa tana da siga biyu, gajera da doguwa: *naujas* sabo, *naujasis* sabon nan da aka sani, *geras*, *gerasis*. Wutsiyar nan tsohon wakilin suna ne da ya manne, ɗan uwan *jis*, wato "shi". A Latbiyanci *labs* da *labais*. A yau an fi ganin doguwar a sunayen abubuwa da babu na biyunsu: ƙungiyar agaji ta Red Cross su *Raudonasis Kryžius* suke ce mata, Sabon Alkawari kuma *Naujasis Testamentas*.

To ga inda abin ya yi daɗi. Tsohon harshen cocin Silaf shi ma haka yake yi, da wakilin suna iri ɗaya, a wuri ɗaya. Rashanci ya riƙe doguwar siga, *novyy*, amma ya manta dalilinta, ta zama sifa ta kullum. Sabiyanci da Kuroshiyanci har yau suna raba *nov* da *novi*. Wannan yana daga cikin hujjojin da ake kafawa da su cewa Baltik da Silaf tsatso ɗaya suka fito kafin su rabu.

Ribar ƙafa ɗaya da na samu a ajin: karin sauti. Lituweniyanci na raba kalmomi da yadda murya ke tafiya a kan dogon wasali, *aukštas* mai tsawo da *aukštas* hawan bene rubutunsu ɗaya, furucinsu daban. 'Yan Polan na wahala da shi ƙwarai. Kunnen da ya tashi yana raba "kai" na wakilin suna da "kai" na bisa wuya bai ga abin tashin hankali ba. Inda nake shan kashi shi ne wurin da nauyin kalma ke tsalle daga gaɓa zuwa gaɓa, tsari huɗu gare shi, sai hadda.

22 ga Nuwamba

Yau ce ranar tunawa da baƙaƙen Albaniyanci. A watan Nuwamba na 1908 masana da malamai suka taru a Manastir, garin da yanzu ake kira Bitola a Masidoniya ta Arewa, don su tsayar da yadda za a rubuta harshensu. Kafin nan kowa da nasa: 'yan Katolika na arewa da baƙaƙen Latin, 'yan Otodoks na kudu da na Girka, Musulmi da na Larabci. A ƙarni na 18 akwai mawaƙan da ake kira *bejtexhinj*, masu baitoci, da ajami suke rubuta waƙoƙinsu. Daga taron ne aka doshi baƙaƙe 36 na Latin da ake amfani da su yau.

Ba su kaɗai ba ne. Musulmin Bosniya sun yi nasu ajamin. Tatar ɗin da suka zauna a ƙasashen Lituweniya da Polan sun manta yarensu na asali, sai suka riƙa rubuta Belarusanci da Polanci da baƙaƙen Larabci a littattafan da suke kira *kitab*. Jikokinsu na nan, da masallatansu na katako a ƙauyukan Kruszyniany da Bohoniki. Lituweniyawa kuma daga 1864 zuwa 1904 gwamnatin Rasha ta hana su buga harshensu da baƙaƙen Latin, har aka sami masu fasa-ƙwaurin littafi daga ƙetaren iyaka. Wanda ya fito daga ƙasar da boko da ajami suka yi zaman doya da manja ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Na kai wa Malama shawarar in saka wannan a gabatarwa. Ta ce abu ne mai kyau, in ajiye shi don digiri na biyu.

16 ga Disamba

Wata guda na yi ina neman rubutu ɗaya da ke akwai a duk harsunan, don in jera su layi-layi. Na samu: Jawabin Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1948, mai sassa 30, an fassara shi da Hausa da Bulgeriyanci da Albaniyanci da Lituweniyanci. Na buga su, na sayi alƙaluma masu launi, na zauna a babban ɗakin karatu na titin Dobra ina shafa wa kowane madanganci ja. Yanzu rana kafin ƙarfe uku da rabi ta faɗi, kana idar da la'asar ka ɗan juya sai magariba, don haka kusan duk aikin a hasken lantarki aka yi shi.

Shafukan Bulgeriyanci da na Albaniyanci sun yi jajur. Na Hausa kuwa fari fat, sai ɗigo nan da can. Kusan duk -n da -r da na ci karo da su na mallaka ne, irin na "haƙƙin mutum", ba madanganci ba.

Da farko na ɗauka fassarar ce. Da na zauna na gwada da bakina sai na ga ba haka ba ne. Ba-Bulgere zai ce *slantseto izgrya*, ɗan Albaniya ya ce *doli dielli*, duk da madanganci a jikin rana, saboda rana ɗaya ce kowa ya san ta. Bahaushe "rana ta fito" zai ce. In ka ce "ranar ta fito" sai a tambaye ka wace rana. Haka in ana maganar jinsi baki ɗaya: *qeni është kafshë besnike*, a zahiri "karen" suka ce, mu kuwa "kare dabba ce mai amana". Takardar doka duk maganar jinsi ce: mutum, 'yanci, shari'a, iyali. Ba a ambaci wani a baya ba balle a koma kansa. Ke nan nasu madangancin yana faɗin "ka san wannan", namu kuma yana faɗin "wanda muke magana a kai ɗazu". Rubutun bai dace da aikin ba, amma rashin dacewar tasa ita ce sakamako na farko da na samu, kuma zai shiga babi na biyu.

30 ga Janairu, 2025

Jarrabawar zango. Ban taɓa kundin ba sai abin da karatun tarihin nahawun Bulgeriyanci ya jawo. Harshen da Kiril da Metodi, 'yan'uwan nan biyu na Tasalonika, suka fassara littattafan coci da shi tun tafiyarsu Morabiya a 863 ba shi da madanganci a jikin suna. Yana da nunau, wato kalmar nuni irin "wannan" da "wancan", *tŭ, ta, to*, da ke iya biyo bayan suna. A hankali nunau ɗin ya rasa nauyinsa ya manne. Zuwa ƙarni na 17, a littattafan wa'azin da ake kira *damaskini* waɗanda aka rubuta da yaren talakawa, ya riga ya zauna daram.

Akwai kuma wata doka da ake azabtar da ɗalibai da ita: sunan namiji in shi ne mai aikatawa a rubuta *gradăt*, in ba shi ba ne a rubuta *grada*. Masu nahawu na ƙarni na 19 ne suka ƙirƙiro ta, ba a jin ta a bakin mutane, 'yan ƙasar ma kuskurenta suke yi. Amma maki ake cirewa.

18 ga Fabrairu

Na sauya dabara. Wata 'yar ajinmu mai hannun zane ta zana mini hotuna a jere ba rubutu: yaro ya fito da safe, ya haɗu da kare, karen ya bi shi, suka isa wani gida, ƙofa a buɗe, wata tsohuwa ta leƙo. Ina nuna wa mutum in ce ya ba ni labarin da harshensa, in naɗa. Bulgeriyawan ɗaliban musaya ne da suka zo zango ɗaya. Albaniyawan 'yan Kosobo ne da muke haɗuwa a masallacin Juma'a. Hausawan kuma ta WhatsApp, na tura hotunan gida aka yi ta aiko mini da saƙon murya.

Wadda ta fi kowa ba ni abin da nake so Gwaggo ce. Ta fara da, "Kai ɗan nan, wannan karatu ne ko tatsuniya aka tura ka?" sannan ta zuba labari tiryan-tiryan, har ta raɗa wa karen suna. Samarin gidanmu kuwa, da suka ji an ce na jami'a ne, sai suka ɗaure murya suna Hausar labaran rediyo, kowace jimla da "wannan yaro", "shi wannan kare". Da ƙyar na tsinci madanganci a bakinsu.

Matsala ta biyu rubutunmu ne. "Gidan" na "gidan Audu" da "gidan" na "mun shiga gidan" harafi ɗaya ba su bambanta ba a boko. A baki kuwa na farkon karin sama ne har ƙarshe, na biyun faɗau ne, murya na gangarowa a kan gaɓar ƙarshe. Haka "rigar Audu" da "ya cire rigar". Amma a kalma irin "mota", wadda dama ƙarshenta ƙasa yake, babu bambancin ko a kunne, sai dai jimla ta raba gardama. Malama ba ta jin Hausa, don haka na sa muryoyin a manhajar Praat, wadda ke zana tashi da saukar murya, na nuna mata layin yana gangarowa a kan "gidan" ɗaya yana miƙewa a kan ɗayan. Ta daɗe tana kallo, ta ce a saka hotunan biyu a kundin.

Ƙofar nan kuma ta rikita mini lissafin Disamba. Gwaggo cewa ta yi, "Suka isa wani gida, sai suka tarar ƙofar a buɗe." Ba ta taɓa ambaton ƙofa ba kafin nan. Amma an ambaci gida, gida kuwa da ƙofarsa yake tafe. Ke nan ba lallai sai an furta abu ba, ya isa a ce wani abin da aka furta ya jawo shi. A wannan gurbin harsunan uku sun yi baki ɗaya: ƙofar, *vratata*, *dera*. A kan rana ne kawai suka rabu, kowane Bahaushe "rana ta fito" ya ce, ba wanda ya kauce.

9 ga Maris

Azumi ya kama. Bana ya zo da sauƙi, ana shan ruwa wajen biyar da rabi. Bayan asham nake zama da ɗaya daga cikin 'yan Kosobon nan muna bin abin da na naɗa. Albaniyancina na littafi ne, ni na koya wa kaina, shi kuma nasa na gida, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Kogin Shkumbin ya raba harshen biyu: Geg a arewa har da Kosobo, Tosk a kudu. Da aka yi taron daidaita rubutu a Tirana a 1972, kan Tosk aka gina daidaitaccen harshe. Shi ya sa in na karanta masa jimla sai ya yi dariya ya ce na yi kama da mai karanta labarai a talabijin. Basakkwacen da aka ce ya rubuta jarrabawa da Kananci ya san wannan ciwon.

A bakinsa nake tsintar kalmomin da ba sa buƙatar ƙamus: *dynja*, *sahat*, *haber*. Duniya, sa'a, labari. Larabci ne ya bi ta Turkanci ya isa gare su a zamanin Usmaniyyar Turkawa, ya bi ta Sahara ya iso gare mu. Mu har da *al-* ɗin Larabcin muka haɗiye a wasu kalmomin, shi ne lam ɗin da ke goshin labari da littafi da lokaci, sannan muka dawo muna manna musu namu madangancin a ƙeya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne 'yar kalmar da suke sawa tsakanin abu da mai shi. Littafin aboki *libri i mikut*, gidan aboki *shtëpia e mikut*: *i* in abin namiji ne, *e* in mace ce, kuma jinsin abin mallakar take bi, ba na mai mallakar ba. Wato na da ta. Littafi na aboki, mota ta aboki. Har sunan gari suna yi wa madanganci, *Tiranë* da *Tirana*, *Shkodër* da *Shkodra*. Suna kuma da sigar aikatau ta mamaki, *qenka*, wadda ba ta da fassarar da ta wuce "ashe".

Na yi gangancin faɗin wannan a wani zauren Facebook. Kafin sahur wani ya rubuta cewa an gano Albaniyawa jikokin Bayajidda ne, mutane na ta yaɗawa. Irin wannan ya yi mana yawa: a ga kalma biyu sun yi kama, shi ke nan an ƙulla zumunci. Kama da wane ba ta wane. Suwidawa ma a ƙeya suke sa nasu, *hus, huset*, kuma ba wanda ya ce daga Daura suka tashi.

14 ga Afrilu

Babi na uku ya fita daga hannuna, shi ne wanda na fi jin daɗin rubutawa, domin a nan ne na fahimci fannin da na shafe shekara uku a ciki.

A jadawalin fannonin jami'a na Amurka, harsunan Silaf da Baltik da Albaniyanci layi ɗaya aka ba su. Mai karanta sunan zai zaci 'yan ɗaki ɗaya ne. Silaf da Baltik, i, akwai jini kusa, doguwar sifar nan shaida ce. Albaniyanci kuwa shi kaɗai ne a reshensa. Sai a 1854 Franz Bopp ya tabbatar cewa yana cikin babban dangin Indiya da Turai ma, kuma kusancinsa da Bulgeriyanci ta jini bai fi kusancinsa da Farisanci ko Jamusanci ba. Taswira ce ta haɗa su a sashe ɗaya.

Amma taswirar ma ba ƙarya ta yi ba. Tun 1829 Jernej Kopitar ya lura cewa Albaniyanci da Bulgeriyanci da Romaniyanci kamar nahawu ɗaya ne aka sa wa kalmomi iri uku. Kristian Sandfeld ya tattara hujjojin a littafinsa da ya fito da Faransanci a 1930, Nikolai Trubetzkoy kuma ya ba irin wannan zama suna, ƙawancen harsuna. Duk ukun madangancinsu a ƙeya yake, alhali 'yan'uwan Romaniyanci irin su Faransanci a goshi suke sa shi, 'yan'uwan Bulgeriyanci kuma, in ban da Masidoniyanci, ba su da shi. Lokaci mai zuwa da "so" suke gina shi: *shte* a Bulgeriyanci, *do* a Albaniyanci, *tha* a Girkanci, duk guntayen aikatau ɗin "so" ne, kamar yadda "za" ɗinmu ya fito daga tafiya. Ɗaruruwan shekaru na kasuwa ɗaya, kiwo a tsauni ɗaya, auratayya, da mulkin Rumawa da na Usmaniyya, su suka sa harsunan da ba su haɗa uwa ba suka koyi tafiyar juna. Wa ya fara, wa ya ara, har yau ana gardama, kuma kowace ƙasa malamanta sun fi son a ce daga wurinsu aka ɗauka.

Saboda haka kamannin da ke cikin kundin iri-iri ne, kuma kowanne da awonsa. Na Lituweniyanci da Silaf gado ne. Na Bulgeriyanci da Albaniyanci maƙwabtaka ce. Na Hausa da su ba ko ɗaya: harshen da ke ajiye nunau a bayan suna, in nunau ɗin ya gaji ya manne, a ƙeya zai manne, ko a ina yake a duniya. A ganina wannan rarrabewar ita ce abin da ake zuwa jami'a a koya a fannin nan. Iya magana kam, wanda ya yi shekara biyu yana aiki a Sofiya zai fi ni.

Malama ta yanke shafi biyu da na yi a kan Hausa da Barbarci da Fillanci, ta bar mini jimla ɗaya a ƙasan shafi.

24 ga Mayu

Ranar baƙaƙen Silaf ce a Bulgeriya, ranar hutu ce ta ƙasa, ana zagaya gari da hotunan Kiril da Metodi an yi musu ado da furanni. Abin dariyar shi ne baƙaƙen da ake kira da sunan Kiril ba shi ya ƙirƙiro su ba. Nasa su ne Gilagolitik, masu ƙawanya-ƙawanya. Almajiransu ne a Bulgeriya suka tsara na yanzun bisa na Girka. Tun da ƙasar ta shiga Tarayyar Turai a 2007 suka zama baƙaƙe na uku na Tarayyar, shi ya sa ake ganin ЕВРО a jikin sababbin takardun kuɗin yuro.

Da yamma Baba ya kira. Bayan gaisuwa ya ce, "To, Malam, an kusa gamawa. Wannan Bulgeriyancin, a wace ma'aikata ake cin abinci da shi?" Na ce, "Baba, ana samu, sai dai ba a gida ba tukuna." Gaskiyar ke nan. Yawancin waɗanda suka riga mu fita kamfanoni ne suka ɗauke su a Warso da Kurako, ofisoshin da ke kula da abokan ciniki da lissafin kuɗi na ƙasashen yankin, inda ake neman mai jin Cek ko Bulgeriyanci ko Kuroshiyanci. Wasu fassara, kaɗan su ci gaba da karatu. Wanda ke son shiga fannin nan ya sani tun wuri cewa harshen kaɗai ba ya isa, sai ya haɗa da wata sana'a. Na kuma gaya masa cewa a jami'ar nan tamu akwai sashen nazarin Afirka da ya daɗe yana koyar da Hausa, har ɗalibansa kan tare ni su ce "Ina kwana, Malam" da karin sautinsu a karkace. Wannan ya ba shi dariya, amma bai janye tambayarsa ba. Ya ce in an kare kundin ma yi magana.

17 ga Yuni

Na ɗora kundin a rumbun jami'a, ya wuce na'urar binciken satar fasaha, Malama ta sa hannu. An sa ranar karewa a makon farko na Yuli.

Malamin da aka ba ya duba aikin a matsayin ido na biyu ya aiko da tambayoyi biyu da zan shirya. Ta farko a kan "ɗin" ce: me ya sa muke cewa "bas ɗin", "kwas ɗin", kuma shin aikinsa ɗaya da -n ko ya fi shi nauyi. Ina da misalai a muryoyin samarin gidanmu, ashe Hausar rediyon tasu za ta yi rana.

Ta biyun ita ce Masidoniyancin da aka sa na cire tun Oktoba. Su madanganci uku gare su: *knigata* littafin, *knigava* littafin nan, *knigana* littafin can. Yana son ya ji ko Hausa na da makamancin haka. Tana da shi, har ta zarce, domin "nan" biyu ne a bakinmu, na kusa da ni da na kusa da kai, "can" ma biyu, na nesa da na nesa ƙwarai, karin sauti ne kawai ke raba su. Sai na sake naɗar muryoyi huɗun na zana su a Praat kafin ranar. Na tura wa Gwaggo saƙo, ta ce sai ta dawo daga biki jibi.

Takardar neman gurbi a taron koyon Albaniyanci da Jami'ar Firishtina ta Kosobo ke shiryawa a watan Agusta, wanda aka fara a 1974, tana hannunsu, ban ji amsa ba tukuna.